Maga: Wanda ruwa ya ci, shin zai tashi ranar ƙarshe?

A garin Maga da ke yankin Mayo-Danay, ruwa shi ne abinci, shi ne kuma abin tsoro. Tun da aka gina madatsar ruwa a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY, jama'a suka dogara da tafkin wajen noma da kamun kifi. Sai dai kwale-kwale kan kife, ga dorina, ga kuma ambaliya irin ta 2012 da ta 2024. Wani lokaci akan yi ta nema har a gaji ba a ga gawa ba.

Ga iyalin Kirista, a nan tambaya mai nauyi take tasowa: wanda ba shi da kabari, yaya zai tashi?

Dalilin tambayar shi ne, Kiristoci sun gaskata cewa jiki ma zai tashi tare da rai, kamar yadda suka yi imani Yesu Almasihu ya tashi a rana ta uku. Wannan ne tushen bikin Ista. A kan haka cocin Katolika, wanda Maga ke ƙarƙashin dayosis ɗinsa na Yagoua da aka kafa a 1973, da cocin Lutheran na EFLC mai hedkwata a Garoua, bakinsu ɗaya ne.

Manzo Bulus, a babi na 15 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta gawa da iri. Manomin shinkafa bai buƙatar dogon bayani: ƙwayar da ya zuba a gandu takan ɓace, abin da ya tsiro kuma ya fi ta. Littafin Ru'ya ta Yohanna, babi na 20, ya ambaci ruwa kai tsaye, inda ya nuna teku ma za ta mayar da waɗanda ta ci. Ke nan tashin matattu ya rataya ne ga ikon Allah, ko da kabari ko babu.

Shi ya sa Katolika kan yi wa mamaci addu'a ko ba a ga gawarsa ba, su kuma tuna da shi ranar 2 ga Nuwamba tare da sauran mamata.

Maƙwabtansu Musulmi ma sun yarda da tashin alƙiyama, ko da yake sun saɓa kan batun gicciye Annabi Isa. Don haka idan ruwa ya yi ɓarna, kowa ya san kalmar da zai faɗa wa gwauruwa da marayu: Allah bai manta inda mamacin yake ba.