Kafin a jefa koma, a duba gaɓa

A ƙasar Ƙwanni, Malbaza da Illela babu kogin da ke gudu shekara duka. Majiya tana kawo ruwa da damina, da rani ta ƙafe. Kifin yankin yana cikin tabkuna da madatsun ruwa, kamar na Mozage da na Zango, waɗanda ke shayar da gonakin Ƙwanni. Akwai kuma tabkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela.

Gaɓar irin wannan ruwa ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ruwa ya hau, da rani ya janye. Wurin da aka sauka bara ba lalle ya yi bana ba. Saboda haka masunci mai hankali yakan zagaya gaɓa da rana tsaka, ba koma, ba ƙugiya, sai sanda doguwa a hannu.

Aikin sandar shi ne gwada ƙasa. In ta shige cikin laka har rabinta, a bar wurin. Laka tana riƙe ƙafar mutum, ga nauyin koma jiƙaƙƙiya a kafaɗa. Inda ƙorama ke zubowa cikin tabki, ruwa yakan haƙa rami. Taki ɗaya ruwa na gwiwa, taki na biyu ya shanye kai. Wanda zai tafi da yaro ya san wannan tun da rana, ba da asuba cikin duhu ba.

Sai maganar kututture. Kafin 1974 Ɗan Dutsi ƙaramin tabki ne mai ƙafewa, gonakin hatsi da dawa kewaye da shi. A watan Yuli na shekarar ruwa ya cika kwarin, ya zauna. Duk inda ruwa ya ci gona ko daji haka, itacen da ke wurin yana nan a ƙasa. Kifi yana son gindinsa, amma birgi in ya faɗa kansa sai ɗinki. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, shi ne lokacin ganin kututture. A riƙe wurin da wata alama ta tudu, kamar dutse ko babbar bagaruwa. Nan wurin ƙugiya ne, ba na koma ba.

Kowane kifi da mazauninsa. Karfasa tana bakin ciyawa, inda ruwa bai yi zurfi ba. Tarwaɗa tana ƙasa cikin laka, da dare take yawon abinci. Giwan ruwa yana son zurfi. In an ga tsuntsaye masu cin kifi sun taru wuri guda da safe, akwai ƙananan kifi a nan.

Da ruwan fari tarwaɗa takan hau ƙorama ta shiga ciyawa don ta zuba ƙwai. Kamunta a lokacin ba wuya, har da hannu. Amma wanda ya tare bakin ƙorama ya kwashe ta da ƙwai a ciki, kifin baɗi ya kwashe. Doka kuma ta hana zuba guba a ruwa da sa koma mai ƙananan idanu. Takardar izinin su tana wurin ma'aikatan ruwa da daji.

Hanyar zuwa ruwa ma abin dubawa ce, kuma a nan rigima ta fi tashi. Ruwa na janyewa, manoma na bin sa da shuka. Masuncin da ya ratsa fangalin albasa da dare ya jawo wa kansa ƙara gaban mai gari. A nemi mai lambu a roƙi hanya. Mashayar dabbobi kuwa a bar wa makiyaya, shanu suna tattake mamari, ƙugiya kuma tana ji musu ciwo. Baƙon masunci ya fara gaida sarkin ruwa, shi ya san inda aka hana su.

Ruwa kwantacce mai ciyawa da ƙananan katantanwa shi ke ba da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi likita, akwai magani.