Sauya furosesa a tsohuwar kwamfutar ofis: yaushe ya cancanta?

Tambayar da za mu duba a wannan rubutu ita ce: idan sashe yana da tsohuwar kwamfuta ta bisa tebur, kuma kuɗin sayen sabuwa bai samu ba, ko akwai riba a ciro furosesarta a saka wata, ita ma tsohuwa, amma wadda ta fi ta farko ƙarfi? Tukuna, a lura da kalmar. Mun ce furosesa, aro daga Faransanci, bisa ƙa'idar da Hausa ta saba: p ta koma f, wasalin u ya shiga tsakanin baƙaƙen farko kamar yadda ake ji a burodi, kuma tun da ta ƙare da a, mun ba ta jinsin mace. Ba mu ce ƙwaƙwalwa ba, domin wannan kalma ta riga ta shiga cikin sunan na'urar gaba ɗaya.

Bari mu ɗauki misali guda, watau Dell OptiPlex 790 ta 2011, irin wadda ke zuwa kasuwanninmu a matsayin kayan hannu. Mu ɗauka tana ɗauke da Intel Core i3-2100, mai cibiya 2 da gudun gigahaz 3,1. Gurbin da furosesa ke zama a jikin uwar allon sunansa LGA 1155, kuma zuri'a biyu ke shiga cikinsa: Sandy Bridge ta 2011 da Ivy Bridge ta 2012. A nan ne tarko yake. Shiga gurbi daban, tashi aiki daban. Uwar allon OptiPlex 790 tana da guntun sarrafawa Q65, wanda bai karɓar zuri'ar 2012. Wanda ya sayo Core i7-3770 zai ga ta zauna daram, ya kunna, fuskar na'ura ta tsaya baƙi ƙirin. Saboda haka, zaɓin da ya rage a wannan na'ura shi ne i5-2400, mai cibiya 4 da gudun 3,1, ko i7-2600, mai cibiya 4 da gudun 3,4. A wasu alluna masu H61 sabunta BIOS yakan buɗe ƙofa ga zuri'ar 2012, amma sai an yi shi tun tsohuwar furosesa tana ciki.

To, me za a samu? Amsar ta dangana ga irin aikin da ake yi, kuma a ganinmu nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Ƙarin cibiya ba ya nufin kowane aiki zai yi sauri. Yana nufin ana iya raba aiki kashi huɗu maimakon biyu, in aikin mai rabuwa ne. Mai shigar da kalmomin ƙamus cikin Toolbox, ko mai buga kundin digiri, ko mai auna tsawon wasali ɗaya bayan ɗaya cikin Praat, da wuya ya ji bambanci, tun da na'urar ce ke jiransa, ba shi ke jiranta ba. Nauyin da yake kuka da shi wajen kunnawa da buɗe takardu, galibi daga faifai mai juyawa yake zuwa, da kuma ƙarancin RAM. Maganinsa faifan SSD ne da ƙarin RAM irin DDR3 har ya kai giga 8. Akasin haka, wanda ke juya bidiyon hira na awoyi da yawa kafin ya shigar da shi ELAN, ko mai gwada Whisper, manhajar 2022 da ke mayar da magana rubutu, wadda Hausa ke cikin harsunanta, shi zai ga amfanin cibiya 4 ƙarara. Duk da haka ya sani cewa umurnin lissafi na AVX2, da irin waɗannan manhajoji ke samun sauri da shi, sai a 2013 ya shigo furosesoshin Intel. Babu shi a i5-2400, babu shi a i7-2600.

Akwai kuma zafi, wanda masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba su cika lissafawa ba. An ƙayyade zafin i3-2100 a wat 65, na sauran biyun kuwa wat 95. A Tawa ko Maraɗi, inda zafi ke wuce digiri 40 cikin Afrilu da Mayu, ga kuma ƙurar hunturu ta cika fanka, wannan ƙarin wat 30 ba ƙaramin abu ba ne. Furosesa in ta yi zafi ainun takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai a wayi gari an biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba. Dole a share ƙura, a kuma sa sabon man sanyaya tsakaninta da ƙarfen fanka. Sannan allurai 1155 ɗin nan a jikin uwar allon suke, sirara ƙwarai. In ɗaya ta lanƙwashe wajen sakawa, ana iya rasa allon duka. Don haka duk wata murya da aka ɗauko a ƙauye, a kwafe ta wani wuri kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya.

Abin da sauyin ba zai gyara ba shi ne tsufan tsarin. Microsoft ta dakatar da tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma, a ƙa'ida, sai furosesar Intel ta zuri'a ta 8, wadda ta fara fitowa a 2017, ko wadda ta biyo bayanta. Babu furosesar LGA 1155 da ta kai nan. Praat da ELAN dai suna aiki a kan Linux, kuma wannan hanya ce ga na'urar da ba a so a jefar.

Mu dai, a OptiPlex 790, SSD za mu fara saye, sai RAM. Furosesa ta zo ta uku, ga na'urar da ake aikin bidiyo da ita kaɗai, kuma i5-2400 za mu nema, da sharaɗin mai sayarwa ya saka ta ya kunna a gabanmu kafin mu biya.