Ina Za a Kai Yaron da Ƙwaya Ta Kama?

A ƙauyukan da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, kuma da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bai ci karo da gidaje ba, ba a cika tambayar inda za a kai ɗan shaye-shaye ba sai tura ta kai bango. Sai an wayi gari akuyar uwa ta yi ɓatan dabo, ko an tarar an ɗebe gero a rumbu, ko yaro ya zare wa mahaifinsa ido a bainar jama'a, sannan dangi su taru a zaure. Abin da ake nema a irin wannan zama kusan ɗaya ne: wuri mai doguwar katanga, mai nisa da gari, inda yaro ba zai gudo ba, maƙwabta kuma ba za su ji labari ba. A ganina tun daga nan ake ɓatan hanya. Wanda ƙwaya ta kama yana buƙatar likita na 'yan kwanaki ko makonni, bayan haka yana buƙatar kulawa ta watanni a wurin da zai iya zuwa ya dawo gida ya kwana. Wurin da aka zaɓa don nisansa da tsawon katangarsa ba zai biya buƙata ta biyu ba, kuma sau da yawa ta farkon ma ba shi da ita.

Gidan da abin ya faɗa wa yakan ɗauka shi kaɗai ne Allah ya jarraba, alhali alƙaluma sun nuna akasin haka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Wannan shi ne kashi 14.4 cikin ɗari na mutanen da ke wannan rukuni. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Binciken ya ce ɗaya cikin biyar na masu shan ya riga ya kamu har abin ya zame masa cuta, kuma a cikin waɗanda shansu ya fi haɗari, kusan kashi 40 sun ce sun so magani ba su samu ba, saboda tsada da kunya da rashin wurin zuwa. Wannan adadi na ƙarshe shi ya kamata a tsaya a kansa, domin ya rushe zancen nan da ake yawan yi cewa ɗan ƙwaya ba ya son dainawa.

A karkara shaye-shaye ba ya fara wa kowa daga neman nishaɗi. Yawancin gonakin wannan yanki ƙanana ne, gado ya rarraba su, don haka saurayi da yawa sai ya haɗa da ƙodago a gonar wani da damina, da rani kuma ya tafi birni dako ko tura ruwa ko haya da babur. Ɗan ƙodago da ake biya gwargwadon kunyar da ya nome, in aka ce masa ga ƙwayar da za ta hana shi jin gajiya, ba sai an roƙe shi ba. Haka tramol ta shiga gonaki. Wadda hukuma ta amince a sayar a matsayin maganin ciwo mai miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ake fasa-ƙwaurinta tana kai 200 ko 225, kuma ita ke jefa samari cikin jijjiga kamar masu farfaɗiya. Ga wiwi, ga baliyam da eksol, ga sholisho, ga zaƙami da ke tsirowa a juji ba da kuɗin kowa ba. Kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, amma hanin ya rufe famfo ne kawai, bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba.

Dalilin da ya sa likita ya zama dole a farko shi ne jiki yana sabawa da ƙwaya har ya kasa tafiya daidai in babu ita, kuma cire ta yana da nasa ciwon. Mai shan tramol ko kodin in ya daina, zai sha ciwon gaɓoɓi da gudawa da amai da gumi da rashin barci na kimanin mako guda ko fiye. Wahala ce mai tsanani, kuma ita ke mayar da mafi yawa ga ƙwaya tun ba a je ko'ina ba, alhali akwai magungunan da ke sassauta ta. Na giya da baliyam ya fi wannan muni. Wanda ya daɗe yana shansu kullum, in aka yanke masa rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da jijjiga da gane-gane cikin kwanakin da suka biyo baya, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa likita ke rage wa mai shan baliyam kaɗan-kaɗan, mai shan giya kuma a ba shi maganin da zai tsare shi a waɗannan kwanaki. A Kano, inda aka yi shelar aiki da Shari'a tun 2000 kuma Hisba ke farfasa kwalaben giya, mai sha a ɓoye yake sha, dangi kuma in sun kai shi asibiti sai su ce zazzaɓi ne. Ɓoye wa likita abin da mutum ke sha, da yawansa, da ranar da ya sha na ƙarshe, kasada ce da ran majiyyaci.

Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna gidan mari da shi. Iyayen da ke kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Sun gaji, kuma malamin da ke riƙe da gidan shi ne kaɗai ya ce musu ku kawo shi. Amma abin da aka gani a 2019 ya isa darasi. A watan Satumba 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura da Katsina, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Ko a ce ba a doki kowa ba, matsalar tana nan. Mari yana raba mutum da ƙwaya muddin yana ƙafarsa, ba ya koya masa yadda zai wuce majalisar abokansa ranar da aka kwance shi. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su cika sani ba: wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya fito ya haɗiye irin na da, yana iya sheƙawa barzahu. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta ɗaure majiyyaci da sarƙa.

To ina za a nufa? Mutanen arewacin Kano sun fi na wurare da yawa sa'a, domin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda yanzu yake hannun gwamnatin tarayya, yana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a garin da manoman yankin suka saba kai hatsi kasuwa. Mutumin Bichi ko Tsanyawa da ya hau motar Kano, ta nan zai wuce. A cikin birni akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ke duba masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA, wadda aka fi sani da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofishinta na jiha, kuma tun 2022 ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. Gwamnatin jiha tana da cibiyar gyaran tarbiyya a Ƙiru, ga kuma asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Amma ga mutumin Makoɗa ko Kunchi, matakin farko shi ne babban asibitin da ya fi kusa, na Ɗambatta ko Bichi ko Gezawa, a duba hanta da hawan jini da sauran abin da shan ya taɓa, a karɓi takardar turawa gaba. Ba kowa ne ke buƙatar a kwantar da shi ba, da yawa za a ba su magani da ranar dawowa. Duk inda aka je, na gwamnati ko na kuɗi, uba yana da haƙƙin tambaya ko akwai likita mai rajista, ko za a bar dangi su riƙa ganin yaro, da kuma abin da aka tanada bayan sallama. Wurin da ya hana ziyara, ko ya yi rantsuwar warkarwa cikin kwana arba'in, a kiyaye shi.

Za a ce sunan Dawanau kaɗai ya isa ya hana ƙannen yaro samun miji. Wannan tsoro na gaskiya ne a garin da kowa ya san kakan kowa, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Sai dai a irin wannan gari babu sirrin da ake karewa, domin mai shayi da mai kemis da 'yan babur duk sun san halin yaron tun kafin iyayensa. Abin da ya rage a zaɓa shi ne ko a san gidan da cewa sun nema wa ɗansu magani, ko a san su da yaron da ke tangaɗi a bakin kasuwa. Ma'aikacin asibiti kuwa doka ta ɗora masa riƙe sirrin majiyyaci, kuma asibiti ba ofishin 'yan sanda ba ne. Kunyar ta fi cin mata. Binciken Hukumar Ƙididdiga ya nuna ɗaya cikin huɗu na masu ta'ammali da ƙwaya mace ce, amma kaɗan ne ke isa wurin magani, domin matar aure da ta saba da kodin ko ƙwayar barci a cikin ɗaki ta san ranar da asirinta ya tonu ranar za a ba ta takarda. Ita kam ƙofar da ta fi mata sauƙi ita ce ta asibitin unguwa inda take zuwa awo ko kai yaro rigakafi, in ma'aikaciyar da ke wurin ta iya tambaya cikin mutunci.

Wasu kuma za su ce shaye-shaye saɓon Allah ne, tuba ce maganinsa. Babu mai musun haramcinsa, kuma addu'a da komawa masallaci suna cikin abubuwan da ke riƙe mutum bayan ya daina. Amma wanda ya sha guba da gangan ma ana garzayawa da shi asibiti, ba a cewa sai ya tuba tukuna. Addini ya yi umarni da neman magani, kuma ko giya a mataki-mataki aka haramta ta. Liman da mai unguwa da dagaci suna da babban aiki a nan, su ne za su iya zaunar da uba su hana shi korar ɗansa, su ne kuma za su iya yi wa mai kemis ɗin da ke sayar wa yara ƙwaya magana ko su kai ƙararsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wanda zai ce mun kai shi asibiti, mun sayar da tunkiya mun biya, ya dawo bai yi wata biyu ba ya koma ruwa. Haka na faruwa, kuma da yawa. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi ba, kuma sun lura maganin da bai kai wata uku ana bibiya ba amfaninsa kaɗan ne. Mai hawan jini in jininsa ya sake hawa ba a cewa asibiti ƙarya ne, komawa ake yi a gyara magani. Abin da ke karya mutanen karkara shi ne kuɗin mota na mutum biyu zuwa Kano duk bayan mako biyu, a tsakiyar damina, ga aikin gona na jira. Sai a je sau ɗaya, sau biyu, a bari. Don haka tun ranar sallama ya kamata dangi su nemi likita ya rubuta musu abin da za a ci gaba da yi a asibitin da ke kusa da su, a sa mutum ɗaya, kawu ko yaya, ya riƙe maganin da ranakun komawa, a kuma sama wa yaron abin yi da ba irin aikin da ya sa shi fara sha ba.

Sauran nauyin na gwamnati ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, don haka jiran a tura ƙwararren likita kowace ƙaramar hukuma daga cikin 44 na Kano jiran gawon shanu ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na matakin farko su gane matsalar giya da ƙwaya, su ba da shawara, su san wanda za a tura gaba, kuma an gwada shi a wasu sassan Nijeriya. Kano tana da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ce kowace ta sami asibitin matakin farko mai aiki. Horar da ma'aikaci ɗaya a kowane, tare da tura tawaga daga Dawanau zuwa asibitocin Bichi da Ɗambatta da Gezawa sau ɗaya a wata, bai kai kuɗin gina sabuwar cibiya mai katanga ba. In aka sa ranar zuwan tawagar ta dace da ranar kasuwar garin, motocin ƙauye suna nan, kuma wanda ya shigo ba sai ya yi wa kowa bayanin abin da ya kawo shi ba.