Yadda Masana Suka Daidaita Mudunsu

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun wannan gari ba lalle ne ya zo daidai da na wancan ba. To, irin wannan damuwa ta daɗe tana addabar masanan da ke binciken sinadaran jikin mai rai, musamman waɗanda a ke kira enzayim.

Shi enzayim abu ne da jiki ke ƙerawa don ya gaggauta wani aiki. Malamin da ke so almajiransa su gane, sai ya sa su tauna lomar gurasa su daɗe ba su haɗiye ba. Za su ji ta fara zaƙi, domin enzayim na cikin yawu ya soma mai da sitaci sukari. Ɗan'uwansa ne ke cikin dankalin da mata ke zuba wa kunun zaƙi.

A da, kowa ya gano enzayim sai ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Abu ɗaya ya tashi da suna uku, ko abubuwa biyu su yi tarayya a suna ɗaya. Da rikicin ya yi yawa, a taron masana na birnin Burasal a 1955 aka yanke shawarar kafa kwamiti, Malcolm Dixon na Jami'ar Kambirij ya shugabance shi. A 1961 suka fito da rahoto mai enzayim 712, kowane da lambarsa mai gaɓa huɗu, kamar yadda akawu ke ba fayil lamba. Na yawu 3.2.1.1 ne, na dankali kuwa 3.2.1.2. Aji shida suka kasa su, sai a 2018 aka ƙara na bakwai.

Amma suna kaɗai bai kashe magana ba. Saurin aikin enzayim yana canzawa da zafi da kuma tsamin ruwan da aka gwada shi a ciki. Ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka saurin da yawa daga cikinsu. Saboda haka in wani ya auna a digiri 25, wani a 37, kuma ba wanda ya rubuta zafin da ya yi aiki da shi, to, alƙalumansu ba su gwaduwa da juna. A ganinmu wannan ya fi ruɗanin suna muni, gama mai karatu ba shi da hanyar gane an yi gibi. Waɗanda abin ya fi cuta su ne masu tara alƙaluman mutane da yawa su zuba a kwamfuta don su kwaikwayi aikin ƙwayar halitta dungum. Adadi ɗaya marar asali ya isa ya ɓata musu lissafin duka.

Don haka a farkon ƙarnin nan cibiyar Beilstein ta birnin Farankfot a Jamus ta tara masana daga ƙasashe dabam-dabam, suka tsara ƙa'idodin da a ke kira STRENDA. Mai rahoto zai faɗi lambar enzayim, da halittar da aka samo shi, da zafi, da tsami, da yawan kowane abu da ya zuba, da sau nawa ya maimaita gwajin. Ba doka ba ce, ba a ɗaure kowa a kanta. Mujallun ilmi da yawa dai sun sa ta cikin shawarwarin da su ke ba marubutansu, kuma an buɗe rumbu a intanet inda mai bincike zai shigar da alƙalumansa, na'ura ta nuna masa gurbin da ya bari kafin ya aika wa edita.