Kafin 'Yan Kwana-kwana Su Iso: Gobarar Asibiti da Masu Jinya a Gwandu da Kalgo

A daren Laraba, 25 ga Mayu, 2022, wuta ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin Tiwawan, garin nan na ƙasar Senegal da mabiya ɗariƙar Tijjaniyya ke cikawa lokacin Mauludi. Jarirai 11 suka rasu, uku aka iya fitarwa. Hukumomin garin sun ce wayoyin lantarki ne suka haɗu. Sashen kuwa sabo ne fil, ko shekara bai yi da buɗewa ba. Shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya sallami ministan lafiya, aka yi kwana uku ana makoki, sai dai sallamar minista ba ta mayar wa uwa ko ɗaya da ɗanta ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mutanen jihar Kebbi ba baƙin gobara ba ne. Ba mu manta da wutar da ta cinye babbar kasuwar Birnin Kebbi a watan Maris na 2016 ba. Amma wutar kasuwa dukiya ta fi ci, domin mai shago yana da ƙafafunsa. A asibiti fa? Can ne ake tara waɗanda ba za su iya gudu ba: wanda aka yi wa tiyata da yamma, tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, mace a kan gwiwa, bakwainin da ke cikin kwalba. Ka ce da waɗannan "kowa ya yi ta kansa," ka yanke musu hukunci ke nan.

Kalgo da Gwandu sun isa misalin asibitocinmu iri biyu. Kalgo tana dab da Birnin Kebbi, kuma a nan ne cibiyar lafiya ta jiha take, wadda aka killace masu cutar korona a cikinta a 2020. Irin wannan babban wuri yana da na'urori da yawa, da tukwanen iskar oksijin, da dogayen gine-gine. Gwandu kuwa, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta fi nisa da fadar jiha, kuma babban asibitinta shi ne madogarar ƙauyukan da ke kewaye, ban da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da ɗakunan haihuwa na mazaɓu. Haɗarin kowanne daban ne, amma abu ɗaya ya haɗa su: ko motar kashe gobara a bakin ƙofa take kwana, sai an kira, an tashi, an ja tiyo. Wutar da ta kama katifar soso ba ta jiran wannan duka. Mintunan farko ne ke raba gardama, kuma a cikinsu babu kowa a wurin sai nas ɗin da ke aikin dare, da maigadi, da masu jinya da ke kwance a baranda.

Wuta tana tsayawa ne a kan abu uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: zafi, da makamashi, da iska. Ka janye ɗaya, ta faɗi. Asibiti kuwa ya tara ukun nan fiye da kowane gida. Makamashi ga shi nan birjik: katifu, labule, auduga, takardun fayil, silin roba, sifirit da man wanke hannu, fetur da dizal na janareta. Iska kuma ba irin wadda muka saba da ita ba ce kaɗai. A iskar da muke shaƙa, oksijin kashi 21 cikin 100 ne. Ita oksijin ba ta ci da kanta, amma da zarar ta ɗan haura haka a cikin ɗaki, ko da kashi biyu ko uku ne, abin da a da sai an yi da gaske yake kamawa sai ya tashi kamar an zuba masa fetur. Tiyon da ke yoyo a hancin mara lafiya yana cika bargo da gashi da tufafi da wannan iska ba tare da kowa ya ji wari ba, domin ba ta da wari.

Abin da ya faru a Bagadaza ke nan a daren 24 ga Afrilu, 2021, ana cikin azumi. Tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibnul Khaɗib, inda ake kwantar da masu korona, aƙalla mutum 82 suka mutu, fiye da 100 suka jikkata. Cikin mamatan har da 'yan'uwan da ke zaman jinya. Ba a cika wata uku ba, a watan Yuli, aka sake yin irinta a Nasiriyya da ke kudancin Iraƙi.

A nan ne nake so masu jinya su ba ni aron kunnuwansu. Ka ɗauki lokacin hunturu: iska ta bushe, leɓen mara lafiya ya tsattsage, ga tiyon oksijin a hancinsa. Babarsa ta kwance ƙullin man kaɗe ko ta buɗe kwalbar basilin, ta lakato ta shafa masa a leɓe da hanci. Tausayi ne tsantsa, amma maiƙo da oksijin ba sa ga maciji da juna, ƙyastu kaɗan suke jira. Haka wanda ya taɓa kan tukunyar da hannu mai maiƙo, ko ya ɗiga mata mai don makunninta ya yi tauri. Tukunyar oksijin a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure da sarƙa don kada ta faɗi, nesa da rana da duk wani abu mai wuta. In leɓe ya bushe, a tambayi nas abin da za a shafa.

Sauran abubuwan da muke shiga da su asibiti kowa ya san su. Kurfotin gawayi na ɗumama kunu, da ƙaramar tukunyar gas, da risho. Hitar dafa ruwan wankan mai jego, wadda ake tsomawa a bokitin roba a tafi salla, ruwan ya ƙone, bokitin ya narke. Maganin sauro na kunnawa a ƙarƙashin gado, dab da gefen zanen gado. Kaskon turaren wuta. Ga kuma soket guda da aka jona wa doguwar waya, ita ma aka jona mata wata, caja goma na lilo a jiki, wani ya zo da wayarsa tsirara ya cusa a rami ya tokare da tsinken ashana. Ba mugunta ke sa mutane haka ba. Wanda ya taso daga ƙauye da mara lafiya, zai yi mako biyu a asibiti, dole ya ci, dole ya kira gida. Korar masu girki da tsawa ba ta taɓa hana girki ba, sai dai ta mayar da shi ɓoye, a bayan ƙofa, inda ya fi haɗari. Asibitin da ya san abin da yake yi, rumfar girki yake ware wa masu jinya can nesa da ɗakunan kwanciya, ya kafa musu wurin caji mai kyau, sannan ya hana a ko'ina ban da nan.

Kada kuma a ɗora wa masu jinya laifin da ba nasu ba. Da yawa daga cikin manyan gobarar asibiti daga lantarki suke tasowa, wannan kuwa aikin hukuma ne. Ginin da aka ja wa waya don ƙwan fitila da fanka, yau an ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki da firji da injin tace oksijin, wayar tana nan yadda take. A bazara, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, komai a kunne yake dare da rana. Ga wuta iri uku na shiga gini ɗaya, ta gwamnati da ta janareta da ta sola, kowacce da mai gyaranta. Baturan sola alheri ne babba ga ɗakin haihuwa, amma in aka cusa su a ɗan ƙuntataccen sito marar taga, tare da kwalaye da tsofaffin katifu, an haɗa wuta da kara. Ƙaurin waya, soket ɗin da ya yi baƙi, fis ɗin da ke yawan yankewa har aka ɗaure shi da baƙin waya, duk sallama ce wuta ke yi kafin ta shigo. Mai zuba wa janareta fetur yana cikin aiki, shi kam ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A birnin Kolkata na Indiya, da asubahin 9 ga Disamba, 2011, wuta ta tashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani asibitin kuɗi, inda aka jibge kaya masu saurin kamawa. Hayaƙi ya bi bututun sanyaya ɗakuna ya hau benaye, ya kashe kusan mutum 90, akasarinsu a kan gadajensu, wutar ko kusa da su ba ta je ba. An kuma yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana. Hayaƙin soso da roba guba ne, shaƙa kaɗan ke sa mutum ya faɗi. Shi ya sa ƙofar da aka rufe take da daraja: tana tsare hayaƙi, tana hana wuta iska. Shi ya sa kuma ake sunkuyawa ko a yi rarrafe, domin hayaƙi sama yake taruwa.

To, wuta ta tashi, me za a yi? Wanda ya fara gani ya janye duk wanda ke dab da ita, ya yi kururuwa, kada kunya ko tsoron shugaba ya sa shi ƙoƙarin kashewa a ɓoye. Wani ya kira 'yan kwana-kwana nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta, amma ya kamata lambar ofishin kashe gobara mafi kusa ta kasance a rubuce ɓaro-ɓaro a bangon kowane ɗaki. A kashe lantarkin sashen. Rufe oksijin kuwa hukuncin nas ne, domin akwai wanda ransa ke rataye da ita. Masu iya tafiya su bi mutum ɗaya su fita. Marasa iya tashi, ba sai an kai su titi ba tukuna. A matsar da su zuwa sashen da ke gaba, a rufe ƙofa a tsakani. In gado ba shi da taya, a sauke katifar ƙasa da mara lafiya a kanta a ja, ko mutum biyu su kama bargo. Jarirai a rungume su ko a goya su, wannan kam matanmu ba sa buƙatar darasi. A taru a wuri ɗaya da aka sani tun tuni, nas ta fito da rajista ta kira suna, kuma kada wanda ya koma don jaka ko waya.

Jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango ta ƙaramar wuta ce, abin da ke cikinta ba ya kai rabin minti yake ƙarewa. A zare fil ɗin, a saita bakin a gindin wutar ba samanta ba, a matsa, a riƙa kaiwa da komowa, ƙofar fita tana bayanka. Mai baki kamar ƙaho ita ta fi dacewa da kayan lantarki, sai dai kada a riƙe ƙahon, sanyinsa na ƙona hannu. Mai hoda tana da agogo; in allurar ta bar kore, ado ce kawai. Kada a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta fetur. Wanda tufafinsa suka kama ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo, a yi ta kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi kamar minti 20. Ban da ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in ƙofar baya tana garƙame da kwado, makullin na aljihun wanda ya tafi gida. Tsoron ɓarayi ya sa mun dasa ƙarfe a kowace taga, mun bar ƙofa ɗaya tal. Tsoron yana da dalili, amma ana iya haɗa biyun: ƙofar da ke buɗuwa ta ciki kaɗai, makulli a rataye inda ma'aikatan dare suka sani, baranda ba tabarmi da kwanuka da matattun gadaje, bakin get ba cunkoson babura da masu shayi da zai hana mota shiga. Tankin ruwan asibiti ma ya zama wanda motar kashe gobara za ta iya sha daga gare shi.

Ra'ayina shi ne, babban abin da muke da shi wanda asibitocin Turai ba su da shi, shi ne waɗannan masu jinya da ake wa kallon kaya. Da tsakar dare sun ninka ma'aikata yawa, ga ƙarfi, ga shi kowa ya san mara lafiyarsa. In ba a koya musu komai ba, su ne za su toshe ƙofa da turereniya. In nas ta ɗauki minti biyu ranar da aka ba da gado ta ce, "Baba, ga ƙofar fita, ga inda ake taruwa, kada a kunna komai kusa da tukunyar nan," ta samu mataimaka kyauta. Atisaye kuma a riƙa yin sa da dare, da maigadi da masu shara da leburori, ba taron manya a ofis da rana a ɗauki hoto ba.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su tuna, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Limaman Gwandu da Kalgo suna da abin faɗa a huɗuba idan hunturu ya kama.

Ma'aikatar lafiya ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, a tura masu gyaran wuta su bi wayoyin kowane asibiti kafin bazara, a fara da ɗakunan jarirai da na haihuwa. Kai kuma mai karatu, ran da ka je dubiya ko jinya, bayan ka yi wa mara lafiya sannu, ka tashi ka taɓa ƙofar baya ka ga ko tana buɗuwa. In a kulle take, ka tambayi wanda makullin ke hannunsa.