Sulke da lifidi: Kayan yaƙin da suka koma kayan hawan sallah

Ranar hawan sallah a Katsina, lokacin da hakimai ke shigowa da tawagoginsu, ciki har da Galadiman Katsina daga Malumfashi da Sarkin Maska daga Funtua, matasa kan ɗaga waya su ɗauki bidiyon mahaya masu sulke da lifidi. Da yawa daga cikinsu da dare fina-finan mayaƙan Viking suke kallo a wayar, kuma sun fi sanin gatarin mutanen Turai fiye da rigar ƙarfen da ta wuce ta gabansu da safe.

Abin mamaki, kayan biyu dangin juna ne. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa ɗaya cikin ɗaya, kuma irinta manyan Viking ke sakawa tsakanin shekarun 793 zuwa 1066. Tsadarta ta sa ba kowa ke mallakarta ba. Talakan Viking mashi yake riƙewa da gatari da garkuwar katako. Kwalkwali mai ƙaho kuwa da ake zana musu, masu wasan kwaikwayo ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19. Wanda aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Norway a 1943 ba shi da ƙaho ko ɗaya.

A ƙasar Hausa, littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke yawanci baƙo ne, fatake ke ratso Sahara da shi. Masanin tarihi A.D.H. Bivar, wanda ya binciki makaman fadojin Arewa ya wallafa sakamakon a 1964, ya danganta wasu sulkunan da Masar ta zamanin Mamluk.

Lifidi ne na gida, kuma shi ya fi dacewa da wannan yanki na noman auduga da saƙa, inda Maska ta yi suna tun da daɗewa. Ana ɗinka ƙyalle ninki-ninki, a cusa masa auduga ko audugar rimi, a bi shi da ɗinki har ya yi tauri, sannan a lulluɓe doki da mahayinsa. Dalilin ba boyayye ba ne: babban abin tsoro a fagen daga shi ne kibiya mai dafin kwankwani, wadda ko ƙwarzane ta yi sai ta kashe. Kaifin kibiya na iya kutsawa ta ramin zoben sulke, amma a cikin kaurin lifidi sai ta maƙale kafin ta taɓa fata.

Sai dai yana da nasa aibi. Doki kan gaji da wuri, mahayin da ya faɗi da ƙyar yake tashi, ga shi kuma wuta na cin auduga. A yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun karya dawakin Gobir duk da kayan yaƙinsu. Bayan shekara 99, a 1903, bindiga mai sarrafa kanta ta Turawan Ingila ta gama da zamanin a Kano da Sakkwato da Burmi.

Yau manomin Funtua da Malumfashi yana fuskantar wani rashin daidaiton makami. 'Yan bindigar da ke fitowa daga dazukan da ke maƙwabtaka da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara AK-47 suke ratayawa, ɗan banga kuwa sau tari bindigar maƙera ce a hannunsa, sai layu da guru a jiki. A Disambar 2020 an sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, aka ba ta motoci da babura da makamai.

Lifidi da sulke kuwa suna ajiye a gidajen sarauta, ana kakkaɓe su sau biyu a shekara. Wanda ke son ganin tsofaffin kayan yaƙi a kusa, ba daga bayan igiyar 'yan kallo ba, sai ya leƙa Gidan Makama a Kano.