Rabon Shafi, Rabon Tuwo

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san kwano yana magana. Da magariba in uwargida ta sauke tukunya, ba sai ta faɗi waye babba a gidan ba. Kwanon maigida mai murfi ne, malmala biyu, tsoka mafi kyau tana saman miya. Na samari ya biyo baya. Yara kuwa a haɗa musu a faranti guda, su yi ta ja-in-ja a kan ƙashi. Baƙo ya dubi jerin kwanukan nan, ya gane matsayin kowa ba tare da an ce masa uffan ba.

Shafin littafin labarin zane ma tukunya ce mai iyaka, mai zane kuma shi ke riƙe da mara. Shi zai yanke wa kowa rabonsa: wa zai samu babban akwati mai cin rabin shafi, wa za a cusa a lungu, wa za a sa wa magana a baki, wa zai tsaya yana kallo. Wanda aka zana daga ƙasa, kamar kana durƙushe a gabansa, ya zama mai iko. Wanda aka zana daga sama ya ƙanƙance. Ido yana gama karanta duk wannan kafin ya kai ga rubutun.

A nan ne rabon mata ke ci mini rai. A 1941 aka fito da Wonder Woman a Amurka, jarumar da William Moulton Marston ya ƙirƙira, mai ƙarfin ɗaga mota. Da aka shigar da ita ƙungiyar jarumai ta Justice Society, sai aka ba ta muƙamin sakatariya. Maza su fita yaƙi, ita ta zauna tsaron ofis.

Daga baya kwanon ya ƙara girma, amma me aka zuba a ciki? A bangon littattafan jarumai da yawa za ka ga namiji ya kafa ƙafa, ya dunƙule hannu, jikinsa yana gaya maka abin da zai aikata. Macen da ke gefensa an murɗe mata ƙugu yadda gabanta da bayanta duk suna fuskantar mai karatu a lokaci guda, tsayuwar da babu ƙashin bayan ɗan Adam da zai jure ta. Tun 1972 marubuci John Berger ya nuna irin wannan a tsoffin zane-zanen Turai, inda ake shirya jikin mace domin idon namijin da ya mallaki hoton. A 2012 wasu masu zane suka fito da wata dabara a intanet: su ɗauki jarumi namiji, Hawkeye, su zana shi a daidai tsayuwar da aka yi wa macen. Kowa ya gani sai ya kwashe da dariya. Abin tambaya shi ne me ya hana mu dariyar tun da farko.

To, dubi abin da ya faru da mace ta karɓi marar. Marjane Satrapi 'yar Iran ce, ta fara fitar da Persepolis, littafin labarin zane na rayuwarta, a Faransa a shekarar 2000, baƙi da fari kawai. Shafin farko yana nuna 1980, tana 'yar shekara goma, bayan juyin juya halin 1979, lokacin da aka wajabta lulluɓi a makarantarsu. Akwati na biyu hoton aji ne: 'yan mata huɗu a jere, lulluɓi iri ɗaya, ita kanta mai labarin an yanke ta a gefen hagu, sai ɗan ɓangaren jikinta ake gani. Kallon farko ka ce mutum ɗaya aka maimaita. Ka ƙara dubawa, sai ka ga girar wannan daban, bakin waccan daban, gashin da ya leƙo a goshin kowacce daban. Da 'yan layuka kaɗan ta ba kowace yarinya fuskarta.

Akwati mafi faɗi kuwa ta ajiye shi a ƙasan shafin, ta ba yaran gaba ɗaya. Suna filin makaranta, wasu sun ƙulla mayafansu suna tsallen igiya, wata ta mai da nata linzami tana hawan ƙawarta kamar doki, wata ta rufe fuska tana yin dodo. Babu wadda aka tsayar domin a kalle ta. Kowacce tana cikin aikinta, sai mai karatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya juya shafi.